Rigar Shuka ta Malam Mato

Tufafin Malam Mato na Fammar ba su cika adaka ɗaya ba, kuma da gangan ya bar su haka. Riguna huɗu ne, wanduna uku, huluna biyu. Yakan ce shekara ma da girmanta sau huɗu take sauya kaya, shi wane ne da zai fi ta. Da bazara 'yar shara fara yake sawa, mai shan iska. Da kaka akwai wata ruwan ƙasa, launin zangarniyar dawa, wadda ƙaiƙayi ba ya kama ta. Ta sanyi mai kauri ce, yana ɗora mata kwat. Amma wadda ya fi ji da ita ta damina ce: saƙi baƙi rinin baba, iyakarta gwiwa don kada ta sha taɓo, da wani ƙaton aljihu a gefen hagu da ya ɗinka da hannunsa, domin shi bahago ne, a nan yake zuba iri. Shekara goma sha tara bai jefa ƙwayar gero a rami ba sai yana sanye da ita. In Sallah ta faɗo a damina, da ita yake zuwa idi, masu magana su yi ta yi.

Maganar ce ta kai har Rano, inda 'yarsa Halima Sadiya take aure. Dangin mijinta suka riƙa yi mata ba'a, wai mahaifinta da riga ɗaya yake noma, da ita yake gaisuwar biki. Ƙarshen bazara ta zo gida da shadda shuɗiya mai aiki a wuya, tana ƙyalli tana ƙara. Ranar da tsohon ya tafi ta'aziyya, mai canjin tsofaffin kaya da robobi ya biyo ta ƙofar gida. Ta miƙa masa baƙar rigar, ya ba ta baho.

Kwana biyu bayan haka hadari ya fara leƙowa daga gabas. Malam Mato ya buɗe adaka don ya shanya rigar shuka, ya tarar da shadda a gurbinta. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi inda take, Halima ta faɗa masa gaskiya, ta ƙara da cewa mutuncinsa take karewa.

"Mutuncina yana cikin wancan aljihun," in ji shi.

Ya nemi 'yar shararsa zai fita, ashe ta jiƙa ta a cikin bahon nan. Dole ya zura shaddar, ya kama hanyar Kibiya yana tafe tana kwaramniya kamar an naɗe shi da takarda. Ranar kasuwa ce. Ya sami mai robobin, Badamasi, a bayan 'yan gwanjo. Badamasi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce rigar ko kyauta ba wanda ya so, sai Bello mai shinkafar rani a fadama, shi ya karɓa jiya, bai faɗi abin da zai yi da ita ba. Ya kuma ba shi shawara ya zauna a cikin shaddarsa, ta mai da shi kamar ɗan majalisa. Malam Mato ya ce bai tsaya zaɓe ba, ya wuce.

Tun daga nesa ya hango ta. Tana tsakiyar shinkafa, an zura ta a kan sanda an ɗora mata tsohuwar ƙwarya, hannuwa a buɗe tana korar tsuntsaye. Ya tsaya yana kallo, har abin ya so ya burge shi, don ko a jikin sanda rigar ba ta zubar da girmanta ba. Sai ya cire takalmi ya shiga ruwa.

Bello ya taso da gudu yana tambayar lafiya. Kafin ya iso, tsohon ya tuɓe shaddar ya sanya wa mutum-mutumin, ya gyara masa wuya, ya mai da tasa jikinsa. Ya sa hannu a aljihu, ya ji ƙwayoyin geron bara guda uku a lungu.

"Baba Mato, sabuwar shadda ce fa," in ji Bello.

"Ta fi dacewa da shi. Shi ba ya sunkuyo."

Ruwa ya same shi a hanya, bai raɓe ko'ina ba. Halima Sadiya na bakin zaure ya iso sharkaf. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambayi abin da za ta faɗa wa mutanen Rano in sun tambayi shaddar.

"Ki ce tana fadama tana aiki. Mai son gaishe ta ya je."

Ya wuce ta ya nufi rumbu, ya ce ta miƙo masa bahon nan nata, zai ɗebo iri.