Garin da Aka Ce Yana da Rai

Shekara ashirin da shida Uwar Tsafta ta yi a ɗakin ƙasa na asibiti tana dafa almakasai da wuƙaƙen tiyata, har ta yi ritaya. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, kuma wallahi ba su yi mata ƙazafi ba. Matar da ko cokalin gidanta sai ya sha ruwan zafi kafin ya shiga baki!

To da autarta ta haifi bakwaini, wa zai karɓi reno in ba ita ba? Ranar sallama likita ta ba su wani gari a 'yan ƙananan takardu, ta ce a dama ɗaya kullum a cikin nonon da uwar ta tatsa. Ƙwayoyi ne masu rai, in ji ta, irin waɗanda ba sa cutarwa, ana fatan su zauna a hanjin yaron su taimaka masa. Auta ta gyaɗa kai. Uwar Tsafta kuwa ta taɓe baki. Ƙwaya ai ƙwaya ce. Ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana kashe su, yau a ce ta ɗura wa jikanta da hannunta?

Ba ta yi musu ba, don ba ta saba ja da likita ba. Kullum da safe dai, Auta na ramuwar barci, sai ta zazzage garin a kofi, ta tsiyaya masa tafasasshen ruwa, ta bari ya huce, sannan ta haɗa da nonon. A ganinta kowa ya samu nasa, an ba da magani, an kuma yi tsafta.

A sati na biyar cikin yaron ya kumbura ya yi tauri, jini ya fito a kashinsa. Aka kwantar da shi, aka ce hanji ne ya kumbura, wataƙila sai an yanke wani sashe.

Da rana tsaka suna zaune a benci bakin ɗakin jarirai, likitar ta fito da takarda a hannu.

"Kuna ba shi garin nan?"

"Ko fashi ba mu taɓa yi ba," in ji Auta. "Mama ce ke damawa."

"Madalla. Ba dai da ruwan zafi ba ko? Zafi kashe su yake yi." Ba ta jira amsa ba, wa zai tambayi tsohuwar ma'aikaciya sau biyu? Ta ƙara da cewa ko yaran da aka ba wa daidai, wasu ciwon na kama su, babu mai iya rantsuwa. Ta koma ciki.

Tsoro ya kama Uwar Tsafta, da kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ga ƙofar yin shiru a buɗe, kuma ta so ta bi ta.

Sai Auta ta fashe da kuka. "Ni ce, Mama. Na kasa riƙe shi wata tara, nonona ma bai amfane shi ba. Wace irin uwa ce ni?"

Kai, wannan kam Uwar Tsafta ta kasa haɗiyewa. Ta kama hannun 'yarta ta faɗa mata komai, tun daga kofin farko.

Auta ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Kukan ya tsaya cak. Ta zare hannunta a hankali.

"Kullum?"

"Kullum."

"Kuma kina kallona ina yi miki godiya."

Nas ta leƙo ta ce za a wuce da yaron ɗakin tiyata, mutum biyu za su iya shiga su gan shi tukuna. Uwar Tsafta ta yunƙura za ta tashi.

"Ni kaɗai ce," Auta ta ce wa nas ɗin.