Yatsun Kaka Nata'ala

Shekara uku Awadiyya ta yi tana aikatau a gidan Madam Ingirid a unguwar Ma'adi, kullum cikin jirgin ƙasa na metro daga unguwarsu Ainu Shams. Madam tsohuwa ce 'yar ƙasar Norwe. Mahaifinta masanin halittun ruwa ne, yana cikin waɗanda suka bi jirgin bincike zuwa tekun ƙanƙara na can ƙarshen kudu, shekara tamanin baya. A bazarar 2013 ta yanke shawarar komawa gida, sai ta sa Awadiyya haɗa kaya.

Suna jera hotuna a kwali, ɗaya ya faɗo. Maza ne tsaye a kan jirgi cikin manyan riguna, bayansu farin tsauni a tsakiyar ruwa. Daga gefe ga wani baƙin saurayi mai tsaga uku-uku a kumatu, hannunsa na hagu naɗe da tsumma.

Awadiyya ta ƙura masa ido. Ta zauna a ƙasa.

"Madam, wannan fa?"

Tsohuwar ta juya hoton ta karanta. "Natala. Shi ke zuba wa injin kwal, a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan suka ɗauke shi. Baba ya ce wata rana igiyar komarsu ta daskare, shi ya fita ya kwance ta da hannu tsirara. Sanyi ya cinye masa yatsu biyu."

Nata'ala kakanta ne na wajen uwa. Tana yarinya a Gadarif, can gida Sudan, ta san shi, tsoho mai yatsu takwas da ba ya magana. An ce da can yakan ba da labarin ƙasar da rana ke wata biyu ba ta faɗi ba, da kifi mai jini fari kamar ruwa. Unguwa ta yanke cewa aljanun teku ne suka taɓa shi. Yatsun kuwa, a ɓoye ake cewa garin sata ya rasa su.

"Madam, da gaske akwai kifi mai farin jini?"

Madam ta buɗe littafin da mahaifinta ya rubuta labarin tafiyar, ta nuna mata zanen kifin.

Da la'asar Awadiyya ta koma gida ta tarar da uwarta Fatna tana soya gahawa. Ta miƙa mata hoton, ta faɗi duk abin da ta ji. Fatna ta zuba wa hoton ido har gahawar ta ƙone.

"Yumma, ki ce wani abu mana."

"Innalillahi," in ji Fatna. "Wata huɗu ya yi cikin mari a gidan mai magani. Ni nake kai masa abinci. Kullum sai ya ce, 'Fatna, ke ma ba ki yarda da ni ba?' Ni kuwa in ce, 'Baba, ka ce mafarki ka yi su sake ka.' Ranar da ya faɗa suka kwance shi."

Awadiyya ta toshe baki da mayafi. Ba ta taɓa jin wannan ba.

Washegari Fatna, wadda ciwon gwiwa ya hana fita tun bara, ta ce yalla, maza a kai ta Ma'adi. Tsofaffin biyu suka zauna cikin kwalaye, Awadiyya tana yi musu tafinta har azahar. Fatna ta tambayi abin da yake ci a can, da inda yake kwana, da ko yana da aboki a jirgin. Madam ta yi ta duba littafin shafi-shafi. Yawanci ma'alish take cewa, wato a yi haƙuri, ba a rubuta ba.