Tafiyar Baba Shija Zuwa Wata

"Ba inda zai je, wallahi, ko da jirgin zai shigo tsakar gidan nan ya ɗauke shi."

Muryar Nshoma ce, 'yar Baba Shija, take tsallako katangar da ta raba gidajenmu. Ina tsugune gaban tanda ina juya wainar shinkafa. Na sauke tandar, na goge hannu a zani, na zagaya, don ni ba a faɗa a maƙwabta ina zaune.

Na tarar da tsohon a bakin gado, ya sa hula, ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ɗayar ta gagara saboda kumburi. Ciwon ciki ya cinye shi, sai idanu. Asibiti sun sallamo shi tun watan jiya, kowa kuma ya san ma'anar irin wannan sallama.

"Maman Doto, zo ki ji," in ji Nshoma. "Mutumin da ba ya iya zuwa bayi sai an riƙe shi, wai shi ne zai hau jirgin ƙasa zuwa garin Urambo. Maganin safe ma ya ƙi sha."

"Yana sa barci," in ji Baba Shija.

"To barcin ba shi ake so ba?"

"Ba yau ba."

Ya ɗaga ido ya kalli bango, ni ma na kalla. Duk unguwarmu a Tabora an san igiyar nan. Ta taso daga ƙasa kusa da ƙofa, ta miƙe har ƙarƙashin rufi, inda aka kafe wani farin faranti da ƙusa. Farantin shi ne wata. A jikin igiyar akwai maƙalin shanya na katako, wanda nawa ne, ya ara tun Doto yana goye bai dawo da shi ba. Shekara arba'in yana kai zuma Dar es Salaam a jirgin ƙasa, kuma duk tafiyar da ya yi sai ya haɗa kilomitocinta, ya matsar da maƙalin sama kaɗan. Burinsa ya yi tafiyar da ta kai nisan duniya zuwa wata. Yanzu tsakanin maƙalin da faranti ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Daga nan zuwa Urambo ne ya rage masa.

Ba shi kaɗai ne mai wannan larura ba. Su biyar ne da, suna taruwa ranar Asabar a gindin mangwaron tasha, kusa da inda nake sayar da waina, suna musu a kan wa ya fi wa. 'Yan Taga muke ce musu, don ba sa zama ko'ina a jirgi sai jikin taga. Uku sun rasu. Saura shi da Malam Mhoja, tsohon malamin lissafi, mutum mai tsauri kamar busasshen rogo. A dokarsu, tafiyar da mutum ya yi yana barci ba ta shiga lissafi. Wai wanda ya yi barci kaya ne, ba fasinja ba. Malam Mhoja ya taɓa zabge wa Baba Shija tafiyar Dodoma zuwa Morogoro sukutum, don ya ji shi yana minshari. Sai da suka yi damina guda ba sa gaisawa.

"Nshoma," na ce, "in kin hana shi, nan ɗin ma ba warkewa zai yi ba."

Ta juyo ta harare ni, sai kuma idonta ya cika. Na ji kunyar bakina, amma na riga na faɗa.

"In ya mutu a hanya fa, Mama?"

"Ai da tikitina a aljihu," in ji tsohon. "Ba mai cewa satar hanya na yi."

Ta yi dariya tana hawaye. Ta durƙusa, ta ɗauko silifa ta zura masa a kumburarriyar ƙafar. Mijinta ya ce zai aro mota ya bi mu ta titi don dawowa. Ni kuwa na bar wa Doto tandar, na ce in ya ƙona mini waina zai gamu da ni.

A tasha muka tarar da Malam Mhoja, da lemarsa da tsohuwar kwat ɗinsa, ya zo shaida, don tafiyar ƙarshe ba ta karɓuwa sai da shaidar ɗan ƙungiya. Bai ce sannu da jiki ba. Ya dubi Baba Shija sama da ƙasa ya ce, "Ka makara."

"Jirgin ya tashi ne?"

"Bai tashi ba, amma ka makara."

Matasa biyu masu dako suka ɗaga shi kamar buhun auduga suka shigar da shi. Wata mata mai kwandon kaji ta tashi ta ba shi jikin taga ba tare da an roƙe ta ba. Da jirgin ya yi kuka ya ja, na ga fuskar tsohon ta saki. Iska tana kaɗa masa gemu, yana nuna mana gonakin taba, yana gaya mana inda ya taɓa sayen zuma gwangwani goma a hannun wani gurgu. Har shayi ya kurɓa. Na ce a raina, ashe abin ma da sauƙi.

Bayan mun wuce Mabama rana ta ɗaga, taragon ya ɗauki zafi. Maganarsa ta fara ja baya. Ciwon ya taso masa, ya dafe ciki, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Da ya lafa, sai gajiya ta biyo baya. Kansa ya fara rinjaya, ya ɗago, ya sake rinjaya.

Nshoma ta matsa kusa da Malam Mhoja, ta yi ƙasa da murya. "Baba Malam, don Allah, in ya ɗan runtsa, ka kalli waje. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Haba Malam," na ce, "mutum yana wannan hali kana maganar doka? Kai wace irin zuciya gare ka?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ɗauki lemarsa ya zunguri gwiwar Baba Shija.

"Kai, Shija. Akwai maganar da na daɗe ina son gaya maka. Zumar nan taka, kowa ya san da sukari kake haɗa ta."

Idanun tsohon suka buɗe tar. "Me ka ce?"

"Sukari da ruwan ɗumi. Duk Dar es Salaam an sani."

"Ni? Ni Shija? Kai da ka shekara talatin kana lasar zumata kyauta, ko kwalba ba ka taɓa dawowa da ita ba?"

"Don tausayi nake karɓa."

Na buɗe baki zan wanke Malam Mhoja tas, sai Nshoma ta taka mini ƙafa. Na dube ta, na dubi malamin, na gane tsokanarsa yake don kada ya yi barci. Sai na ja bakina na rufe, abin da ba kasafai nake yi ba.

Haka suka yi ta yi. Da zancen zuma ya mutu, Malam Mhoja ya tono na Morogoro, ya ce minsharin ranar har mai duba tikiti sai da ya leƙo ya ga ko akuya aka shigo da ita. Baba Shija ya rantse tari ne ya sarƙe shi. Mutanen tarago suka rabu biyu, mai kaji tana bayan Baba Shija, wani soja mai hutu yana bayan malam. Muka tsaya a Usoke, muka tashi, ana ta yi. Da wannan ma ya ƙare, malamin ya gyara zama ya ce, "Matarka marigayiya Kabula ma, ai ni ta fara so. Don ina makarantar horon malamai ne ka samu shiga."

"Kabula? Ta ce kanka kamar tulun da aka fasa aka ɗinke."

"Ƙarya kake."

"Nshoma, uwarki ba ta faɗa ba?"

"Ta faɗa, Baba," in ji Nshoma, tana goge masa goshi.

Dariyar da ya yi ita ta ƙarar da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya jingina kai da katakon taga, numfashinsa yana fita da ƙyar. Malam Mhoja ya sake jefa masa wata magana, bai amsa ba. Ya sake, shiru. Idanun suka rufe a hankali, suka zauna a rufe.

Ƙafafun jirgi suka ci gaba da ƙara a kan dogo. Ban san wanne nake tsoro ba, barcin ko wanda ya fi barci. Abin da ya rage zuwa Urambo kuwa bai fi tafiyar dafa shayi ba. Na ji wani irin baƙin ciki ya kama ni, shekara arba'in, a ce a bakin ƙofa za a tsaya.

"Shija," in ji Malam Mhoja, muryarsa ta dushe. "Kada ka yi mini haka. Ka san ba zan yi ƙarya ba."

Sai mai kaji ta ce, "Ku dubi hannunsa."

Hannun yana kan bakin taga. Ɗan yatsansa manuni yana ɗagawa yana sauka a kan katakon, daidai da bugun dogo. Inda jirgin ya rage gudu a kwana, yatsan ya rage. Da ya miƙe hanya, yatsan ya ƙara sauri. Idon ne ya gagare shi ɗagawa, amma yana nan tare da mu.

Malam Mhoja ya ajiye lemar. Ya sunkuya, ya kafa wa yatsan nan ido kamar mai duba jarrabawa, hawaye yana bin gefen hancinsa bai share ba. Haka ya yi ta kallo har rufin kwanon tashar Urambo ya bayyana, birki ya yi ƙara, jirgin ya tsaya cak. Yatsan ma ya tsaya.

"Ya cika," in ji Malam Mhoja. "Na shaida. Ka riga ni, ɗan banza."

Baba Shija ya buɗe ido ɗaya da ƙyar. Ya dubi dandamalin tashar, mata suna ta miƙo faranti ta taga.

"Mun iso watan ke nan?"

"Mun iso, Baba," in ji Nshoma.

"Ashe a nan ma ana tallan gyaɗa."

Sojan nan ne ya saya masa ƙulli ɗaya. Bai iya ci ba, amma ya riƙe shi a hannu. Sannan ya ce wa 'yarsa, "To, kawo maganin naki." Ya sha, ya yi barcinsa a mota tun daga Urambo har ƙofar gida, yana minshari, Malam Mhoja yana gefensa yana cewa, "Kun ji ko? Irin na Morogoro ke nan."

Washegari malamin ya zo da kansa, ya taka kujera ina riƙe masa, ya matsar da maƙalin har ya taɓa farantin. Baba Shija yana kwance yana kallo, ya ce a ɗan ƙara, bai taɓa sosai ba. Aka ƙara.

Ya yi mako guda bayan nan, cikin sauƙi fiye da yadda muka zata. Ranar Juma'a da hantsi, ina ba shi kunu a cokali, ya kawar da kai ya ce ya ƙoshi. Kafin azahar ya cika. Allah ya jiƙansa, ya yi mini maƙwabtaka ta gari, ban da aron kaya.

Yanzu ranar Asabar Malam Mhoja yana zuwa gindin mangwaro shi kaɗai, amma ba ya daɗewa shi kaɗai. Mijin Nshoma ya fara zama wurinsa, da wasu 'yan mata biyu 'yan kwaleji masu zuwa Kigoma hutu, yana koya musu yadda ake lissafi, yana yi musu faɗa a kan barci. Ni ma ya ce tafiyata ta Urambo ta shiga, wai na fara. Na ce ya rufa mini asiri, ina da waina a wuta.

Rannan na yi wanki da yawa, maƙalai suka ƙare mini, ga iska tana neman kwashe zannuwa. Na tuna da nawa da ke maƙwabta. Nshoma ta ce in shiga in ɗauka, ɗakin a buɗe yake. An naɗe katifar, an share ƙasa, ƙamshin zuma bai gama fita ba. Hasken taga ya sauka a kan farantin, maƙalin yana manne da gefensa. Na ɗan tsaya. Sai na jawo ƙofar, na koma na ɗora dutse a kan zanin.