Ɗakin Duhun Malama Jummai

A shekarar da sojoji suka ɗaura niyyar komawa bariki, Malama Jummai Ishaku tana koyar da ilimin tsirrai a wata sakandare a Tarauni, tana kuma haɗa digirinta na biyu. Tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: wa yake gaya wa shuka gari ya waye? Ganyen wake yakan miƙe da safe ya sunkuya da yamma, kowa ya ce aikin rana ne. Ita kuwa ta ce agogon a jikin shukar yake, kuma shi ke tsara mata lokacin da za ta ƙara tsawo.

Kafin ta tabbatar da haka sai ta samu ɗakin da haske ba ya shiga. Malam Maje, abokin aikinta, ya ba ta wani shago da ke jikin gidansu a Gyadi-Gyadi.

"Naki ne har ki gama, Malama," ya ce. "Ni ma a ce da ni aka yi."

Tare suka toshe tagogi da buhuna, suka jera tukwanen wake, har da wata gansakuka mai faɗi da ta ɗebo daga duwatsun Kagoro. Kullum in an tashi makaranta takan shiga da 'yar fitila mai koren haske ta auna. Ga shi babu rana, amma ganyen bai fasa miƙewa da sunkuyawa a kan lokacinsa ba. Ranar da ta fara ganin haka, Maje ta fara kira ya zo ya gani.

Sai kakar zaɓe ta kama, Alhaji Isyaku, yayan Maje, ya fito takarar kansila.

Wata Asabar da hantsi, tun daga bakin layi ta jiyo kiɗa. Ƙofar shagon a wangale take, an yaye buhunan, ana shafa wa bango fentin jam'iyya. Tukwanenta suna jibge a bakin kwata, rana na dukansu, awaki sun cinye rabi. Gansakukar ta bushe ƙayau.

Maje ya fito cikin babbar riga yana murmushin da bai kai zuci ba.

"Ofishin kamfen Yaya yake buƙata, Malama. Wake ne fa, ko a kasuwa an samu."

"Jiya muna tare a ɗakin malamai," ta ce. "Har tambayata ka yi yaya aikin."

"Na san in na faɗa za ki hana."

"Da ka faɗa, da na kwashe kayana da hannuna."

Aka kira shi daga ciki, ya juya.

Ta tsinci 'yan tukwanen da suka tsira, ta ɗora a kan acaɓa. Sai da ta shiga gida ta yi kuka, ba don waken ba. Awon da ya katse ba ya ɗinkuwa, dole ta jira wata shekara. Ta kwashe kayan abinci daga sitonta, ta toshe tagar, ta sake shuka, ita kaɗai.

Alhaji Isyaku ya ci zaɓe, Maje ya ajiye alli ya bi shi. Maje ya turo matarsa Lami da atamfa don ban haƙuri. Jummai ta ba ta ruwa, ta tambayi lafiyar yara, ta raka ta har bakin titi, sannan ta miƙa mata atamfar ta ce ta gaida gida.