Jinin Mbah Tukinem Ya Ƙi Tsayawa

"Mbah! Mbah, ya fito!"

Lastri ta faɗo ɗakin majinyata tana haki, ɗanta rataye a zanen goyo, silifas ɗinta ɗaya ya kusa tsinkewa. Kowa ya juyo.

"Me ya fito, Nduk? Aljani?" in ji tsohuwar da take kira. Nduk take ce mata, wato 'yata.

"Haƙori! Sa yatsa ki ji. Wallahi da safe ya gantsara min cizo, na ƙwala ihu, babansa ya ɓarar da shinkafa!"

Mbah Tukinem, wato Kaka Tukinem, maƙwabciyarta, tana kwance ta gefe, don rabonta da kwanciya a rigingine an jima. Shekara arba'in tana goya kwandon kwalaben jamu, jiƙon citta da saiwoyi, tana talla a lungunan unguwa, har ƙashin bayanta ya lanƙwashe kamar lauje. Gobe za a buɗe shi a ɗaure da ƙarfe.

Ta tura yatsa bakin yaron. "Ɗan nema, bakin uwarsa ya gado. Kin kawo?"

Lastri ta waiwaiga, ta zaro kwalba daga ƙasan goyon. Yau kwana shida tana kawowa. Ita take dakawa yadda tsohuwar ta koya mata, citta, kurkum, tafarnuwa, har ta ninka don a shiga aiki da ƙarfin jiki. Mbah ta kafa kai ta shanye, ta cusa kwalbar ƙarƙashin matashi.

Sai ga likita da wani abu fari a leda.

"Aikin baya yana cin jini, Mbah, amma kar ki damu. Wannan muke dannawa inda yake tsiyaya, ya tsotse, jinin ya kama. Akwai garin da muke barbaɗawa, akwai kakin zuma da muke shafa wa ƙashi."

"Soson wanke-wanke za ka bar min a jiki?"

"Narkewa yake yi." Ya duba takarda. "Ba kya shan wani magani, ko?"

"Ni? Tun da uwata ta haife ni ban taɓa haɗiyar ƙwaya ba."

Gaskiya ta faɗa, Lastri ma ta gyaɗa kai. Wa yake kiran jamu magani? Abin da ake sha kafin karin kumallo?

Washegari aka shiga da ita, an ce aikin awa huɗu ne. Huɗu ta wuce, biyar, shida. Lastri ta zauna, ta tashi, ta leƙa ƙofa, ta dawo. Duk wanda ke kan bencin jira ta nuna masa haƙorin, har da mai shara. Da ta ga nas ta wuce a guje da ledojin jini karo na uku, sai ta rungume ɗanta ta tsaya a bakin ƙofa.

Likita ya fito, hularsa sharkaf da gumi.

"An ɗaure bayan. Amma jinin ya zama kamar ruwa. Mun sa soso, mun barbaɗa gari, sai ratsowa yake. Yi tunani sosai, ƙanwata, me take ci, me take sha?"

"Abincinku mana. Sai jamu kawai."

"Me da me a ciki? Kwana nawa?"

Ta faɗa masa. Ya runtse ido.

"Shi ne ya jawo?"

"Ban ce ba. Ga shekaru kuma, ga zuciya."

"Likita, shi ne ko ba shi ba ne?"

Aka kira shi daga ciki, ya juya.

Sau ɗaya Mbah ta farka, da la'asar ɗin washegari. Leɓenta fari fat. Lastri ta sunkuya.

"Mbah, ni ce na..."

"Nduk, a rigingine nake?"

"A rigingine kike."

"To, madalla."

Kafin a kira magariba ta cika.

Mbah ba ta bar 'ya mace ba, don haka matan unguwa uku suka jera a benci a tsakar gida, bayan labulen zannuwa, aka kwantar da ita a kan cinyoyinsu don wanka, kamar yadda al'adar garin take. Lastri ce a tsakiya. Ta sa tafin hannu a ƙasan bayan, ta ji shi sambal tun daga wuya har ƙugu.

Aka fara zuba ruwa. Ya gangara ta zanen Lastri, ya bi ƙasa a hankali zuwa gindin gwanda, inda wata kaza ta tsaya tana sha.