Rabin Kayan Rauda

Tun da hantsin ranar Laraba Mama Jumai ta ture kujerun falonta gefe, ta shimfiɗa tabarma, ta fara baje kayan zango. Ranar Juma'a matan zumuntar cocinsu na Tudun Wada za su fita, kamar yadda suka saba kowace damina idan makarantu sun yi hutu. Sukan je filin wata makarantar ƙauye su kafa tantuna, su yi 'yan kwanaki suna addu'a da waƙa da irin hirar nan da mai yinta ba ta yarda a kira ta gulma ba.

Mama Jumai tsohuwar nas ce, kuma ko da ta yi ritaya hannunta bai yi ba. Garin tuwo sai da ta sa shi a leda biyu saboda ruwan sama. Kuka da daddawa kowanne da robarsa, ta ƙulle bakin da tsumma. Ta ɗaga gidan sauro a hasken taga tana neman huda, ta samu ɗaya, ta ɗinke tana yi wa ɓera faɗa kamar yana gabanta. Ta naɗe bargo, ta goge tukunyarta mai kunne biyu har tana ƙyalli. Da ta gama ta miƙe ta riƙe ƙugu ta dubi aikinta, sai ta ga duk ta jera kayan ne a gefe ɗaya na tabarmar. Ɗaya gefen babu komai a kai.

Gefen Rauda ke nan. A zumuntarsu ba a zuwa zango ɗaiɗai, bibbiyu ake tafiya, kowace mace da abokiyar kayanta. Ɗaya ta kawo tukunya da abinci da shimfiɗa, ɗaya ta kawo tanti da risho da sauran tarkace, su kwana tare, su ci tare. Fiye da shekara ashirin Jumai da Rauda suke haka. Kowace Laraba irin wannan Rauda takan taso daga Hanwa ta zo ta zauna a wancan gefen, su duba abin da ya rage, Jumai tana mita, ita tana dariya. Bayan Ista aka binne Rauda.

Jumai ta zauna a hannun kujera. Gidan ya yi mata shiru sosai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta Eric yana Fatakwal, yakan kira ranar Lahadi ya tambayi hawan jini ya kashe. Wannan duk ta saba da shi. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne ta yi mita a ranar haɗa kaya a rasa mai yi mata dariya, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata.

Ba wai an manta da ita ba ne. Ranar Lahadi bayan sujada, Loveth, sakatariyar zumunta, yarinya mai fara'a da waya kullum a hannu, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Mama, kada ki damu da maganar tanti. Mun ware aji ɗaya saboda tsofaffi. Akwai katifa, kuma za a riƙa kawo muku abinci."

"Tsofaffi," in ji Jumai.

"Wato iyayenmu, Mama."

"Na ji ki da kyau. Ni da na karɓi haihuwarki, yau ke ce za ki ware mini aji."

Loveth ta yi dariyar yaƙe ta zame. Haka Jumai take, ba ta tauna magana, shi ya sa ake girmama ta daga nesa. Amma ta san ajin nan sarai. Duk wadda aka kai ciki, ta gama zama 'yar zango, ta koma wadda ake leƙowa a gaisar. Ita kuwa ta ƙudurta a ranta, ko ta je da tantinta da abokiyar kayanta kamar kowace mace, ko ta zauna a gida.

To, neman abokiyar kaya yana da hanyarsa, wadda iyayen da suka kafa zumuntar suka bari. Ba a nema da baki. Mai nema takan ɗauki murfin tukunyarta ta kai gidan wadda take so, ta ajiye ta tafi. In waccan ta yarda, sai ta riƙe murfin, ta zo da shi bakin mota ranar tafiya. In ba ta yarda ba, ta mayar da shi kafin ranar, shi ke nan, ba wadda ta roƙa, ba wadda ta ce a'a, ranar Lahadi a gaisa lafiya lau. Jumai tana ganin babu hikimar da ta kai wannan, musamman ga mace irinta, wadda gara ta kwana da yunwa da ta ce a sam mata.

Ta lissafa matan zumunta a zuci, kowace da abokiyarta. Sai Angela, wata malamar firamare da aka yi wa canjin aiki daga wajen Kafanchan a bara, tana haya a Tudun Jukun. Jumai ta sha ganinta a bencin baya ita kaɗai, tana waƙa a hankali kamar mai tsoron a ji ta. Sau ɗaya suka taɓa magana, ranar da Jumai ta gaya mata ɗankwalinta ya karkace.

Da la'asar ta sa murfin a leda, ta yafa mayafi, ta tari keke. Ta tarar da ƙofar Angela a kulle. Maƙwabciyarta, wata Ishatu mai suyar awara a zaure, ta ce malamar ta je kasuwa.

"Ki ba ta wannan, ki ce in ji Mama Jumai."

Ishatu ta leƙa ledar. "Murfi kawai, Mama? Ba saƙo?"

"Shi ne saƙon."

Ranar Alhamis Jumai ta wuni kunnenta a ƙofa. Ta kwance jakar bakko ta sake ɗaurewa. Ta ƙara cokali ɗaya da kofi ɗaya. Ta tuna mutanen kudancin Kaduna suna son acca, ta fita ta nemo mudu, ta dawo tana yi wa kanta tsiya, wai tsohuwa da ita tana rawar kai kamar mai jiran saurayi. Duk sa'ar da ta wuce ba a ƙwanƙwasa ba, sai ta ji zuciyarta ta ɗan yi sauƙi. Har ta fara tsara yadda za ta riƙa sassauta harshe, don yarinyar ba Rauda ba ce, ba lalle ta gane wasa ba.

Rana ta yi sanyi, hadari yana haɗuwa ta gabas, aka yi sallama. Angela ce, ta durƙusa a bakin ƙofa, hannunta ɗauke da abu an lulluɓe da farin ƙyalle.

"Mama, ina wuni? Ga murfinki. Ishatu ta ce kin bar shi a wajenta. Na ce ƙila mantawa kika yi, kuma gobe tafiya, za ki buƙace shi."

Ta yaye ƙyallen. Ashe ta wanke murfin tas, ta juya shi kamar faranti, ta jera alala mai zafi a kai.

"A wajenmu ba a mayar da kwano hannu wofi," in ji ta, tana murmushi.

Jumai ta tsaya tana kallon alalar. Da farko ta ji kunya ta rufe ta, irin ta wadda aka ƙi. Sai kuma ta dubi fuskar yarinyar, ta ga babu komai a ciki sai ladabi. Ba ta san al'adar ba. Ba wanda ya gaya mata, don wa yake zama da baƙuwa ya yi mata bayanin murfin tukunya? Yanzu hanya ɗaya ta rage, wadda aka ƙirƙiro murfin don kada a bi ta.

"Shigo ki zauna," in ji Jumai.

Angela ta zauna a bakin kujera, tana kallon kayan da ke kan tabarma. Jumai ta yi gyaran murya, ta yi maganar hadari, ta yi maganar tsadar kananzir, ta tambayi makaranta. Da abin faɗa ya ƙare, sai ta dubi bango ta ce:

"Ba mantawa na yi ba. A nan, in mace ta kai miki murfi, tana neman ki zama abokiyar kayanta ne. Tawa ta rasu. Ba ni da kowa."

Tunda take, ba ta taɓa jin muryarta ta fita haka ba. Angela ta dafe ƙirji.

"Wayyo Mama! Ban sani ba, Allah ya sani ban sani ba. Tun makon jiya Anti Loveth ta tura a wasap ɗin zumunta, duk wadda ba ta da abokiya ta yi magana. Aka haɗa ni da wata 'yar unguwar Kongo, mun ma gama raba kaya. Ba ki gani ba?"

Jumai ta dubi ƙaramar wayarta mai maɓalli da ke kan tebur, wadda ba ta yin wasap.

"Bari in kira ta yanzu in ba ta haƙuri, Mama. Za ta gane."

"Kul," in ji Jumai. "Ita kuma ta kwana da wa? Ba a ƙwace wa mace abokiyar kaya ana gobe tafiya. Tashi ki je kada ruwa ya tare ki. Alalarki ta yi kyau, sai dai manja ya ɗan yi yawa."

Ta raka ta bakin titi, ta tsaya har keken ya sha kwana. Da ta dawo ta ci alala ɗaya a tsaye, ta rufe sauran. Ta cire cokalin da kofin da ta ƙara, ta mayar kicin.

Washegari da sassafe, maimakon ta nufi coci inda motar take jira, ta ce wa mai keke ya fara kai ta Hanwa. Malam Ezekiyel, mijin Rauda, yana zaune a baranda da rediyo a cinya, ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Maman Eric, ke ce da safen nan?"

"Ni ce, Baban Kenneth. Aron kayan zangon Rauda na zo yi, in suna nan."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tashi ya buɗe sito. Jakar tana lungu, a ɗaure da igiya, ƙullin nan na Rauda da ba ya kwancewa sai da haƙori. Jumai ta sunkuya ta kama hannun jakar ta ɗaga. Jakar ba ta motsa ba. Ta gyara tsayuwa ta sake gwadawa, bayanta ya amsa, ta saki.

"Me ta zuba a ciki, duwatsu?"

"Tamfol ne, da sandunan ƙarfe, da turaku da guduma. Ga risho. Jarkar kananzir ma ba ta shiga ba, a hannu take riƙewa."

Jumai kuwa, tata jakar da hannu ɗaya take ɗauka. Shekara da shekaru tana isowa bakin mota ta tarar Rauda ta riga ta, kayanta an riga an ɗora a sama, ita kuma ta hau mitar cewa garin tuwo ya karya mata kafaɗa. Rauda, 'yar mitsitsiya, mai ciwon ƙugu, tana yi mata sannu.

"Ni nake kai mata titi," in ji Malam Ezekiyel. "Can kuma ban san yadda take yi ba. Na ce ta gaya miki ku sake rabo, ta ce a'a, ke kin fi iya abinci, a bar shi haka."

Hawaye ya zo mata, ta bar shi ya zubo, ba ta ɓoye ba.

"Wa kika samu bana?" ya tambaya.

"Ba kowa."

"To wa zai riƙe miki sanda in kina buga turke? Ba ya kafuwa da mutum ɗaya."

"In na je na gani."

Bai ja maganar ba. Ya kama hannu ɗaya na jakar, ta kama ɗaya, suka ja ta a ƙasa, suna tsayawa suna haki, har bakin ƙofa inda mai keke ya karɓa. Jumai ta shiga ta matse tsakanin jakunkunan biyu, jarkar a kan cinyarta. Malam Ezekiyel ya dafa ƙarfen keken kamar yana da sauran magana, mai keke ya jira.

"In kin dawo," ya ce, "ki biyo ki ba ni labarin zangon. Wadda ta yi waƙa, wadda tantinta ya faɗi, duk. Da ita take ba ni."

"Zan biyo."

Keken ya tashi. Da ta waiwaya, yana nan tsaye a bakin ƙofa, bai koma ciki ba.