Lomar Inna Hajjo

Iliyasu ya ajiye akushin tuwo a kan dutsen da ke bakin rafi, ya ja da baya taku ashirin kamar yadda mai unguwa ya yi umarni. A hayin rafi bukkoki uku ne na masu agana. Babu hayaƙi, babu motsi.

Wata guda ke nan da ciwon ya shiga Kangire. An hana cin kasuwa, an rufe makarantar da yake koyarwa a Birnin Kudu, ya dawo gida ya zauna. Da ƙuraje suka feso wa mahaifiyarsa, Inna Hajjo, aka kai ta hayi. Doka ɗaya ce: wanda ya ƙetare rafin ba ya dawowa sai annoba ta wuce.

Da la'asar ya koma ya ɗauko akushin. An siɗe shi tas.

"Sauƙi ya samu," ya ce wa matarsa Batulu. "Kwana uku ke nan tana cinyewa."

Batulu ta daɗe tana duban cikin akushin.

"Malam, shekara nawa ka yi a Zariya?"

"Tara. Me ya kawo wannan?"

"Shi ya sa. Tun da aka kawo ni gidan nan, Inna ba ta taɓa cinye tuwo ba. Sai ta rage loma, ta ce ta jikoki ce. Ko a hayin ma tana ragewa, ina binnewa. Babba ba ya siɗe kwano."

"To, wa ke ci?"



Washegari da hantsi ya ɗauki akushin, ya wuce dutsen, ya shiga ruwa.

Bukkoki biyu wayam. A bakin ta uku wata bafulatana ce zaune, fuskarta duk ɓawon ƙuraje, ta yafa zanen Inna. A gefenta tudun yashi ne mai tsawon mutum, an jera masa duwatsu.

"Kai ne malamin," ta ce. "Ni Fatsuma. Namu sun tashi da shanu sun bar ni."

"Yaushe?"

"Ran Talata, bayan azahar. Na yi mata wanka. Da sakaina na haƙa." Idonta na kan akushin. "Ta ce in riƙa rage loma don kada ku daina kawowa. Yunwa ta fi ƙarfina."

Ya miƙa mata tuwon. Ya fuskanci gabas a gaban tudun, ya yi kabbara huɗu shi kaɗai.

Da ya juyo, ta kusa gamawa.

"Dakata," ya ce.

Ya karɓi akushin, saura loma guda. Ya kai shi kan dutsen. Can nesa Batulu na tsaye, goyo a baya.

"Malam! Yaya Inna?"

Ya kalli lomar, ya kalle ta. Sannan ya juya ya sake shiga ruwan.